Matar da Ta Zana Ja-Ƙafa

A wurin aiki Ɗigo ake ce mata. A gida kuwa mahaifinta bai taɓa kiranta da wani suna ba sai Uwata. Ita ce babba a ɗakinsu, sai ƙanenta Auta, tsakaninsu akwai shekaru masu yawa da jarirai biyu da ba su zauna ba.

Mahaifinsu direban babbar mota ne, dogo mai faɗin kafaɗa. Yakan daɗe a kan hanya, ya dawo da jajayen idanu da warin man dizal a rigarsa. In yana hawa matakalar benen da suke haya, tun daga ƙasa maƙwabta ke gane takunsa su ce Direba ya dawo. Mahaifiyarsu ta rasu Ɗigo tana ajin ƙarshe na sakandare. Daga nan girki da wanki da kai Auta makaranta suka koma wuyanta, karatu ya tsaya.

Aikinta na farko a wani shagon buga takardu ne. In babu masu zuwa, sai ta buɗe wata manhajar zane da ke cikin kwamfutar shagon ta yi ta wasa. Wata rana ta yi ta ƙara girman wani hoto har ya farfashe ya zama ƙananan murabba'ai masu launi. Ta ga ashe idon mutum, da duk abin da ke cikinsa, ɗigo biyu ne ko uku. Tun daga ranar ta koma zane da ɗigo. Ta zana wata kyanwa, ta koyi yadda za ta sa ta kaɗa jela. Wani mutum ya zo buga takardu, ya tsaya a bayanta yana kallon kyanwar har ya manta abin da ya kawo shi. Shi ne ya zama Manajanta.

Ofishin nasa ɗaki ɗaya ne a saman shagon masu gyaran taya. Tebura huɗu, fanka mai kuka, da warin roba da ke hawowa ta taga. Wasannin waya suke yi. Ƙananan hotunan nan da ke yawo a fuskar waya in ana wasa, mutum ne ko kare ko tsuntsu ko akwati, 'yan tsana suke ce musu a ofishin. Kowacce ba ta wuce girman farcen babban yatsa ba, kuma ba ta motsi da kanta. Zane-zane ne ake jerawa a shafi guda, kowanne ya ɗan bambanta da na bayansa. Sai a rubuta wa na'ura umarni ta riƙa nuna su ɗaya bayan ɗaya da sauri, tana goge tsohon, tana matsar da sabon gaba kaɗan. Ido sai ya ruɗu ya ce tafiya ake yi.

Ɗigo ta fara da zanen kawai, daga baya ta koyi rubuta umarnin ma. Karenta na farko ta manta ba ta ɓoye launin da ke bayansa ba, sai ya fito yana gudu a cikin wani jan murabba'i. Mai haɗa musu sauti, wanda suke kira Gwangwani saboda duk ƙarar da ya haɗa kamar an jefar da gwangwani take, ya leƙo ya ce, "Wannan kare mai rabo ne, da ɗakinsa yake yawo." Aka yi dariya, ita ma ta yi. Ba ta sake irin wannan kuskure ba. Cikin 'yan shekaru ya zama in ta zana mutum yana tafiya, kana gani ka san ko ya gaji, ko ya yi sata, ko fitsari ya matse shi.

Tana gab da shekara talatin ciwo ya sami Baba. Yana zaune a tashar manyan motoci yana shan shayi, kofin ya suɓuce daga hannunsa, bakinsa ya karkace. Ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Da aka sallame su daga asibiti suka sauko ɗakunan ƙasa, don matakala ta fi ƙarfinsa. A lokacin akwai wani mai gyaran wutar lantarki da ke neman Ɗigo. Ta ce masa ba inda za ta ta bar Baba a haka. Ya yi ta zuwa na ɗan lokaci, sannan ya ɗauke ƙafa.

Mai gashin ƙashin da ke zuwa duba shi ta gaya musu gaskiya ba ɓoye-ɓoye: ƙafar nan in ba a taka ta kullum, za ta sandare, kuma in ta sandare shi ke nan. Saboda haka kowace safiya kafin ta tafi aiki, Ɗigo takan fito da Baba barandar gidan. Shi a gaba, ita a baya, hannunta kusa da ƙugunsa ba tare da ta taɓa shi ba, don ba ya son a riƙe shi. Sai ya jingina nauyinsa a ƙafar dama, kafaɗar hagu ta faɗi ƙasa, ya wurgo ƙafar hagu ta gefe kamar mai zana rabin da'ira, yatsun suna gogar siminti. Hannun hagu a naɗe a ƙirjinsa kamar ya rungumi wani abu. In ya dire sai ya ɗan tsaya, kansa ya yi rawa, ya sake.

"Mota ta tsufa, Uwata," yakan ce. "Taya ɗaya ta kwanta. Amma injin da sauransa."

Da sauran nasa kuwa. A hankali ya wuce baranda, ya wuce ƙofar gida, har ya zama yana kai kansa shagon mai aski da ke ƙarshen layi, ya zauna a benci da tsofaffin abokansa su yi ta gardamar hanyoyi da motoci har rana ta take. Mai gashin ƙashi ta ce ba ta taɓa ganin mai taurin kai irinsa ba.

A shekarar ne Manaja ya kawo sabon wasa. Wani ɗan dako ne aka kulle a cikin babban sito, dodanni suna bin sa, shi kuma yana jifansu da abin da ya samu. Akwai masu gudu, akwai masu tashi sama. Saura guda ɗaya, wanda Manaja ya fi damuwa da shi: dodo marar sauri, amma ba ya tsayawa, ko an kayar da shi sai ya tashi. Ɗigo ta zana, ya duba ya ce, "Wannan ai soja ne a fareti." Ta sake, ya ce, "Wannan kuma mashayi ne." Ta sake, ya tura kujerarsa baya ya ce, "Ɗigo, so nake in yaro ya gan shi ya yi dariya, amma cikinsa ya ɗuri ruwa. Ki ba ni abin da ban taɓa gani ba."

Da yammacin ranar ta goge duk abin da ta yi ta fara sabo. Ta ba shi koren jiki, da ido ɗaya, da baki har kunne. Babu abin da ya haɗa fuskarsa da ta wani ɗan Adam. Da ta zo kan tafiyar, hannunta bai yi gardama ba ko sau ɗaya. Kafaɗa ta sauko da ɗigo biyu. Ƙafa ta fita gefe ta zagayo. Hannu ya naɗe a ƙirji. Ta ƙara zane guda inda komai ya tsaya sai kai da ke rawa. Ta zana faɗuwarsa, ta zana tashinsa da hannu ɗaya, gwiwa tana zamewa, irin tashin da ta taɓa gani a bakin ƙofar banɗaki wata safiya.

Da ta kunna, Gwangwani ya yi dariya har da hawaye. Manaja ya miƙe tsaye ya tafa mata, abin da bai taɓa yi wa kowa ba. Ta ji daɗi har cikin ranta. Nan take Gwangwani ya cire silifas ɗinsa ya ja shi a kan siminti ya naɗi ƙarar, ya kuma raɗa wa dodon suna Ja-Ƙafa.

A aikinsu, in 'yar tsana za ta juya ta koma inda ta fito, ba a sake zana ta. Layi ɗaya ake rubutawa na'ura ta juya hoton kamar a madubi. Washegari Gwangwani ya tarar Ɗigo tana sake zana Ja-Ƙafa daga farko yana fuskantar ɗaya ɓangaren.

"Me ya kai ki wannan wahala? Ki juya shi mana."

"In na juya, ciwon zai koma dama," in ji ta. "Ta hagu ce mai ciwon."

"Wa ya damu da wacce ce?"

Ta zauna tana kallon allon. Sannan ta ci gaba da zanen har ta gama.

Wasan ya yi tashe fiye da duk wanda suka taɓa yi. Yaran makaranta, 'yan kwandasta, masu gadi, har matan da ke jiran layi a asibiti. Ba wanda ya damu da ɗan dakon, Ja-Ƙafa ake so. Aka fara liƙa hotonsa a bayan motocin haya. Yara suka koyi tafiyarsa suna yi a filin makaranta.

Ba a daɗe ba wani yaro a layinsu ya ga Baba ya fito zai tafi shagon mai aski, ya nuna shi ya ce, "Laa, ga Ja-Ƙafa!" Suka jeru a bayansa, kowanne ya karya kafaɗa yana wurga ƙafa. Baba bai san zancen ba. Ranar farko ma juyowa ya yi ya ɗaga musu hannu. Mai aski ya kore su, suka dawo washegari sun ƙaru. Daga nan aka fara jifa, kamar yadda ake yi a wasan: ɓawon lemo, robar ruwa, ƙwallon takarda. Wata rana wani ya same shi da robar da ba a shanye ba a bayan gwiwa. Ya faɗi. Yaran suka tsaya suna jira su ga yadda zai tashi, da ya tashi kuwa suka sa ihu suna tsalle, don daidai yake da na cikin waya.

Baba ya dawo gida da jiƙaƙƙen wando, ya ce santsi ne ya kwashe shi.

Auta, wanda a lokacin yake aiki a wurin wankin mota, a bakin mai aski ya ji abin da ya faru. Wasan yana cikin wayarsa, ya sha kayar da Ja-Ƙafa yana dariya, yana alfahari a gaban abokansa cewa yayarsa ce ta yi shi. Ya buɗe ya sake kallo, wannan karon da wani ido. Ya shigo gida ya same ta a kicin tana yanka albasa. Ya ajiye wayar a kan katakon yankan.

"Yaya, wane ne wannan?"

Ta dubi wayar, ta dubi wuƙar da ke hannunta.

"Tambayarki nake. Wane ne wannan?"

"Rage murya, Auta."

"Ba zan rage ba! Ubanmu kika sa a waya yara suna jifa? Kin san yau sun kayar da shi a titi?"

Bangon gidan ba shi da kauri. Daga ɗaki muryar Baba ta fito, a hankali, harshen yana ɗan nauyi kamar kullum. "Ku kawo in gani."

Suka yi tsuru-tsuru. Ya sake cewa, "Auta, da kai nake."

Yana zaune a bakin gado. Ya karɓi wayar da hannun dama ya kai ta kusa da idonsa. Koren dodon ya fito daga gefen allo yana jan ƙafa, ƙarar silifas tana bin sa. Baba ya kalle shi har ya ƙure ɗaya gefen, ya juyo.

"Yaya ake jifan?"

Auta ya ce, "Baba, bar shi."

"Nuna min."

Auta ya taɓa allon. Kwalba ta tashi ta sami dodon, ya kife. Ya dafa ƙasa da hannu ɗaya, gwiwa ta zame, ya sake dafawa, ya miƙe.

"Sake," in ji Baba.

Auta ya sake. Ɗigo tana tsaye a bakin ƙofa, warin albasa a hannunta.

"Har kafaɗar kin kama," in ji Baba, bai ɗago ba. "Ni ban san haka nake yi ba. Ban taɓa ganin bayana ba. Ashe duk safiyar nan da kike bayana, kallo kike."

Ta durƙusa a gabansa. "Baba, wallahi ba da niyya ba. Tsoro nake kada ka faɗi, shi ya sa idona yake kanka. Ban san lokacin da..."

"Na sani, Uwata. Aikinki ne. Kin kuwa iya." Ya miƙa wa Auta wayar. "Ku je ku ƙarasa girkin."

Da safe ta shigo da takalmansa, ya ce ƙafar tana masa zugi, a bari sai gobe. Gobe ta yi, ya ce kansa ke ciwo. Mai aski ya zo da kansa, ya ce ya ja kunnen iyayen yaran, zai ma riƙa zuwa yana raka shi. Baba ya yi masa godiya, ya ce in sha Allahu wani satin.

Ɗigo ta gaya wa Manaja komai. Mutumin ya girgiza ƙwarai, ya ce ta canza dodon yau ɗin nan. Ta zana wa dodon sabuwar tafiya, tsalle-tsalle kamar kwaɗo, suka tura gyaran. Masu wasa suka yi ca a kansu, wasu da zagi, suna cewa a dawo musu da Ja-Ƙafansu. Waɗanda ba su karɓi gyaran ba suka riƙa tura wa juna tsohon daga waya zuwa waya. Wata safiya ta zo aiki ta tarar an mayar da shi yadda yake. Gwangwani ya kasa haɗa ido da ita. Manaja ya kira ta baranda ya ce, "Ki yi haƙuri. Mutum huɗu ke ci a nan, har da ke. Kuma ko mun cire, ya riga ya fita hannunmu." Ta so ta ɗauki jakarta ta tafi. Ta tuna magungunan Baba, ta koma ta zauna a teburinta.

Baba bai taɓa yi mata faɗa ba. Yana amsa gaisuwarta, yana cin abin da ta dafa, yana sa mata albarka. Amma in zai tashi zuwa banɗaki sai ya ce, "Ɗan fita tukuna, Uwata. Kira min Auta." In Auta ba ya nan, sai ya daure har ya dawo. Tun daga ranar da ya ga wayar, ba ta sake ganin sa a tsaye ba.

Yayin Ja-Ƙafa bai kai shekara ba. Wani wasan tseren motoci ya fito daga wani wuri, yara suka koma can, hotunan bayan motoci suka koɗe. Ɗigo ta shigo da murna ta ce, "Baba, an manta da shi. Wallahi ko ka fita ba mai kallonka." Ya ce to, madalla. Ya ma gwada takawa, da Auta, bayan ta fita. Amma ƙafar ta riga ta lanƙwashe ta ƙi miƙewa. Mai gashin ƙashi ta zo ta taɓa, ta girgiza kai, ba ta ƙara zuwa ba.

Daga zama ya koma kwanciya. Bayansa ya fara gyambo. Ɗigo ke wanke shi tana juya shi, wannan bai hana ta ba, don a kwance yake. Mutumin da maƙwabta ke gane takunsa ya zama ita kaɗai tana iya ɗaga shi ta canza zanen gado. Daga baya tari ya kama shi ya sauka ƙirji. Ya rasu da hantsi, Auta na gefensa, ita tana ofis tana gyara wani tsuntsu da ke ɓacewa in ya kai gefen allo.

Bayan rasuwar Auta ya kwashe kayansa ya koma wani gari. Bai yi mata rashin kunya ba, bai kuma yi mata sallama ta kirki ba. Ita ta koma ɗaki ɗaya kusa da wurin aiki. Ofishin ya bunƙasa, suka tashi daga saman masu taya zuwa wani gini mai gilashi, aka ɗauki sababbin ma'aikata. Duk wanda aka kawo sai Manaja ya tsaya a teburinta ya ce, "Wannan ita ce ta zana Ja-Ƙafa," su kuma su washe baki su ce suna yara sun buga shi. Takan ce musu sannunku da zuwa. Da aka daina kula da wasan gaba ɗaya, aka ce a share tsofaffin kaya don a sami wuri a na'ura. Ita aka ba aikin. Ta share shafin zanen da duk abin da ya shafe shi, ba ta buɗe ba.

Shekaru sun ja kafin Auta ya kira ta da kansa. Ya yi aure, yana da 'ya mace da ta fara wayo. Suka gaisa, ya yi ta kewaye-kewaye, sannan ya ce, "Yaya, yarinyar nan ta dame ni da tambayar kakanta. Hotonsa ɗaya gare ni, na jikin lasin. Wai yaya yake, yaya yake tafiya. Na nemi wasan nan, ba ya buɗewa a wayoyin yanzu. Ko kina da shi a wani wuri? Ba don ita ba ma. Ni nake son in gani."

"Babu," in ji ta. "Na share."

"Duka?"

"Duka."

Ta ji numfashinsa a wayar. Can ya ce, "To, shi ke nan." Ya ce yarinyar tana fama da mura, matarsa kuma tana gaishe ta. Ta ce a ba ta ruwan ɗumi, kada a bar ta a gaban fanka. Ya ce zai kawo su hutu in ya sami dama. Ta ce Allah ya kawo su lafiya, ɗakin ƙarami ne amma za su shiga.